Caminito del Rey: hanyar da leburori suka gina, sarki ya tafi da sunan

1/
Jama'a, akwai wani bidiyo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da TikTok: mutum yana takawa a kan wata 'yar siririyar hanya manne da bangon dutse, kankaren ya zube, ƙarfen ya yi tsatsa, ƙasa kuma rami ne sai ka ce ba shi da iyaka. Yawancin masu tura shi ba su san ina ne ba. Yau zan ba ku tarihin wurin. Zaren da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/
Sunanta Caminito del Rey, wato "'Yar Hanyar Sarki" da Sifaniyanci. Tana lardin Malaga a kudancin Sifaniya, yankin Andalus, cikin wani kwazazzabo da ake kira Gaitanes. Faɗinta na asali mita 1 ne kacal. Tsakaninta da ruwan da ke ƙasa kuwa kimanin mita 100. Ka ƙiyasta bene mai hawa 30, a ce ka zagaya shi ta waje a kan abin da bai fi faɗin tabarma ba.

3/
Ni tambayar da ta fara zuwa mini ita ce: wane ne ya zauna ya ga ya dace a yi hanya a nan? Da na bi diddigi sai na tarar ashe hanyar zuwa aiki ce. Mutane sun bi ta da safe sun dawo ta kanta da yamma, shekara da shekaru, ba mai ɗaukarsu hoto, ba mai yi musu tafi. Mu fara daga farko.

4/
Kogin da ya ratsa wurin sunansa Guadalhorce. Wannan "Guad" ɗin daga kalmar Larabci "wadi" take, ragowar zamanin mulkin Musulmi a Andalus. Ruwan ya yi ta cin dutsen a hankali har ya huda shi. A wasu wurare bangon ya kai mita 300, tazarar ɓangarorin biyu kuma ba ta fi mita 10 ba. A jikin bangon akwai burbushin halittun ruwa, don a can da wurin ƙarƙashin teku yake.

5/
Wahalar shiga wurin ta daɗe da yin suna. Kusa da nan Bobastro take, tungar Umar bin Hafsun, wanda ya yi wa sarakunan Umayyawa na Kurɗuba tawaye tun wajen shekarar 880. Runduna bayan runduna suka zo suka koma. Ya mutu a 918 ba a kama shi ba, sai a 928 Abdurrahman na Uku ya karɓe tungar daga hannun 'ya'yansa. Duwatsun nan sun taya shi yaƙi ba kaɗan ba.

6/
Sai zamani ya juya. A ƙarni na 19 attajiran Malaga suna son hanyar kai kaya cikin ƙasa, aka shimfiɗa layin dogo daga Malaga zuwa Kurɗuba, aka buɗe shi a 1865. Babu wata mafita sai ta kwazazzabon nan, don haka aka yi ta huda dutsen ana haɗawa da gadoji. Har yau jirgin ƙasa yana bi ta ɗaya ɓangaren, masu tafiya a Caminito suna hango shi.

7/
Bayan dogo sai lantarki. Wani matashin injiniya ɗan birnin Sebiya, Rafael Benjumea, wanda aka haifa a 1876, ya lura da wani abu: kogin yana gangarowa sosai tsakanin bakin kwazazzabon da ƙarshensa. In ka tare ruwa a sama, ka ja shi ta magudana a jikin dutse ba tare da ya sauka ba, sannan ka sake shi daga tsayin mita kusan 100 ya faɗa kan injin, ka samu wuta.

8/
Haka aka yi. Aka tono magudanar ruwa daga Gaitanejo a arewa zuwa El Chorro a kudu, wani wuri a fili, wani wuri cikin dutse. Inda ta zo tsallake kwazazzabon aka yi mata gada. To magudana tana toshewa, tana tsagewa, ƙofofinta suna son mai buɗewa da rufewa. Dole wani ya riƙa bin ta yana dubawa. Saboda wannan mutumin aka yi hanyar, tsakanin 1901 da 1905.

9/
Yadda aka yi ta: a huda dutse, a soke ƙarfe, yawanci irin na layin dogo. A tokare shi da wani ƙarfen daga ƙasa a karkace. A shimfiɗa kankare a kai, a kafa ɗan ƙarfen dafawa a gefe. A matsa gaba a sake. Hanyar duka kusan kilomita 3 ce. Ku tuna fa, mai huda ramin farko babu abin da yake takawa. A rataye yake da igiya, guduma a hannu.

10/
Labarin da mutanen yankin suke bayarwa shi ne, an ɗebo ma'aikatan jiragen ruwa daga gaɓar Malaga, saboda sun saba hawa igiya da ɗaure ta a kan jirgi iska tana kaɗa su. Akwai kuma masu cewa fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa aka saka a wuraren da suka fi haɗari. Wannan na biyun ku riƙe shi a matsayin labarin baka, irin wanda kowane wuri mai ban tsoro yake tarawa.

11/
Ga ɓangaren da ya fi taɓa ni. Da hanyar ta samu, ba ma'aikata kaɗai suka bi ta ba. Iyalai sun zauna a wani kwari da ke tsakiyar kwazazzabon, suna noma da kiwo. Mata suna bi ta nan zuwa kanti. Yara suna bi zuwa makaranta. Abin da yau ake sa wa hular kwano a sayi tikiti kafin a taka, wani yaro ya taka shi da jakar littattafai yana sauri kada ya makara.

12/
A lokacin "Balconcillos" ake ce mata, wato 'yan barandodi. To ina sarki ya shigo? Benjumea ya ci gaba ya gina babbar madatsar ruwa a saman kwazazzabon, daga 1914 zuwa 1921. Ranar 21 ga Mayu 1921 Sarki Alfonso na 13 ya zo buɗe ta. Har yau kujera da teburin dutse da ya zauna ya sa hannu suna nan ana nuna wa baƙi.

13/
A ziyarar ne sarkin ya taka hanyar. Masu tarihin yankin da dama sun ce wani yanki kawai ya bi, ya tsallaka wata ƙaramar gada zuwa inda jirgin ƙasa yake jiransa. Shi ke nan, suna ya bi shi. Benjumea ya samu sarautar Conde de Guadalhorce, daga baya ya zama ministan ayyuka. Waɗanda suka rataya da igiya kuwa, ba sunansu ake kira ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

14/
Shi kansa sarkin bai daɗe yana jin daɗi ba. Wata biyu bayan ziyarar, a Yulin 1921, mayaƙan Abdulkarim al-Khattabi suka yi wa sojojin Sifaniya mummunan kaye a Annual, arewacin Maroko, dubbai suka mutu. Martabar gidan sarauta ta yi ta zubewa. A Afrilun 1931 Alfonso ya bar ƙasar, ya mutu a Rum a 1941. Hanyar da ya taka rana ɗaya ta fi gadon sarautarsa daɗewa.

15/
Me ya lalata ta? Rashin amfani. A shekarun 1970 aka yi sababbin madatsu da wata tashar lantarki mafi girma a yankin, tsohon tsarin ya zama tarihi. Iyalai suka tashi. Ba mai gyara. Ruwan sama ya shiga kankare, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa shi. Duwatsu suna faɗowa daga sama suna huda shi. Ƙarfen dafawa ya zube kusan gaba ɗaya.

16/
A wasu wurare babu abin da ya rage sai ƙarfe ɗaya, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, sai iska a ƙarƙashinsa. A daidai lokacin kuma El Chorro ta zama matattarar masu wasan hawan dutse daga ko'ina a Turai. Wurin ma ya riga ya fito a fim: a nan aka ɗauki ƙarshen Von Ryan's Express na Frank Sinatra, 1965. Lalacewar da ta kori masu aiki ita ta jawo masu neman a ce sun iya.

17/
Sai aka fara ɗaukar gawa. A 1999 da 2000 an yi haɗurran da suka girgiza yankin. Mafi muni shi ne na Agustan 2000: matasa uku suka rataya a wata tsohuwar igiyar ƙarfe da ta ratsa kwazazzabon don su zame zuwa ɗaya gefen, ta tsinke da su. Akwai allon tunawa da su a jikin dutsen. Duk mai bin sabuwar hanya yana wucewa ta gabansa.

18/
Hukuma ta rufe hanyar, ta rushe farkonta da ƙarshenta don kada a samu wurin hawa, ta sa tarar da ta kai Yuro 6,000. Kun san halin ɗan Adam. Aka riƙa satar hanya ta ramukan jirgin ƙasa, wanda shi ma wani gangancin ne. Da YouTube ya zo sai bidiyoyin suka bazu, aka laƙaba mata "hanya mafi haɗari a duniya". Wanda kuke turawa ragowar wancan zamanin ne.

19/
Mu ɗan dakata da tarihi, mu koma jikinmu. Ni dai in na kalli bidiyon nan tafin ƙafata sai ya ɗauki wani irin sanyi, hannuna ya yi gumi, alhali ina kwance a kan katifa. Na san ba ni kaɗai ba ne. Wannan abin daga ina yake? Da shi aka haife mu ko koya muka yi? Masana sun yi shekara fiye da 60 suna tono amsar.

20/
A 1960, Eleanor Gibson da Richard Walk na Jami'ar Cornell a Amurka suka wallafa wani gwaji. Sun yi tebur mai saman gilashi mai kauri. Rabi an manna zane a ƙarƙashin gilashin, rabi kuma zanen yana can ƙasa, fiye da mita 1. A ido kamar rami, a taɓi kuwa daɓe ne lafiyayye. Suka ajiye jarirai 36, 'yan wata 6 zuwa 14, a tsakiya, iyaye mata suna kiransu.

21/
Jarirai 27 ne suka motsa daga tsakiyar. Dukansu sun yarda sun rarrafa ta ɓangaren da ba rami. Ta kan "ramin" kuwa 3 kacal suka bi. Wasu sun shafa gilashin da hannu, sun ji da tauri, amma suka ƙi, wasu suka fashe da kuka. An gwada 'yan tsaki da 'yan awaki 'yan kwana ɗaya, su ma suka ƙi. Ido ya ce rami, hannu ya ce daɓe, aka bi maganar ido.

22/
Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Joseph Campos da abokan aikinsa sun nuna daga baya cewa jaririn da bai fara rarrafe ba bai cika nuna wannan tsoron ba. Yana zuwa ne bayan yaro ya yi makonni yana yawo da kansa. Duk wadda ta yi raino ta san wannan: sabon mai rarrafe kai tsaye yake nufar bakin gado. Wato muna zuwa da shirin tsoron, motsi ne yake kunna shi.

23/
Jirin fa? Likitan jijiyoyi Thomas Brandt na Jamus ya yi bayaninsa. Abu uku ke tsayar da kai: ido, cikin kunne, da abin da ƙafa take ji. Ko kana tsaye cak jikinka yana ɗan lilo, ido ne yake kallon abubuwan kusa yana gyara ka. A bisa, abin da ido zai kama ya yi nisa, sai ya daina ba da rahoto. Kunne da ƙafa suna cewa kana motsi, ido yana cewa a'a.

24/
Wannan saɓanin shi ne jirin, kuma lilon yana ƙaruwa da gaske, ba a ranka kawai yake ba. Abin yana farawa daga tsayin mita 3, ya kai maƙura wajen mita 20. Shi ya sa a jirgin sama ba ka jin abin da kake ji a kan rufin bene: kana zaune, ga kujera ga bango kusa da idonka. Shi ya sa kuma mai jiri in ya tsuguna ko ya dafa wani abu yake samun sauƙi.

25/
A 2013 Brandt da abokansa suka tambayi mutum sama da 3,500 a Jamus. Kashi 28 cikin 100 suka ce ganin tsayi yana dama musu lissafi. Kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan. Waɗanda abin ya zame musu ciwo har yana hana su harkokinsu sun fi haka ƙaranci, kuma yana jin magani: likitocin halayya suna saba wa mutum da tsayi kaɗan-kaɗan. Don haka a daina yi wa mai tsoron bisa dariya.

26/
Akwai kuma wani abu da mutane ke jin kunyar faɗa: kana tsaye a bisa sai wani tunani ya gilma, "in na yi tsalle fa?" Faransawa har suna suka ba shi, "kiran rami". Wani bincike a Jami'ar Jihar Florida a 2012 ya gano yana faruwa ga mutane da yawa da ba su taɓa tunanin cutar da kansu ba. Fassararsu: jiki ne ya ja ka baya da sauri, ƙwaƙwalwa ta zo daga baya tana neman dalili.

27/
To su leburorin Caminito ba su da wannan tsoron ne? Amsar ta fi fitowa fili a wani labari daga Kanada. 'Yan ƙabilar Mohawk na Kahnawake sun shiga aikin ƙarfe a 1886, lokacin da ake gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin St. Lawrence kusa da garinsu. Daga nan suka zama gwanaye, har da su aka ɗaga Empire State da World Trade Center a New York.

28/
Sai aka ƙirƙiro musu tatsuniya, wai su a jininsu babu tsoron bisa. Su da kansu sun sha ƙaryata wannan. Suna jin tsoro kamar kowa, sun dai koyi aiki da shi daga iyaye da yayye, kuma aikin yana biya. Ni a ganina tatsuniyar ta fi yi wa mai ba da aiki amfani. In ka yarda wani ba ya tsoro, ba ka da dalilin kashe kuɗi ka kare shi.

29/
Ranar 29 ga Agusta 1907 gadar Quebec da ake ginawa ta rufta, saboda kuskuren lissafin injiniyoyi. Ma'aikata 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan Kahnawake, ƙaramin gari guda. Bayan haka matan garin suka tsaya kai da fata cewa mazajensu ba za su ƙara taruwa a aiki ɗaya ba, a rarrabu. Shekara biyu kenan bayan kammala Caminito. Zamani ɗaya, ran lebura farashi ɗaya.

30/
Kada ku ce wannan tsohon zance ne. A Mayun 2016 jaridar Beijing News ta wallafa hotunan Chen Jie daga ƙauyen Atulie'er a lardin Sichuan na ƙasar Sin. Yara 'yan shekara 6 zuwa 15 suna hawan tsauni mai tsayin mita 800 ta tsanin itace da kurangar daji, jaka a baya, suna komawa gida daga makarantar kwana. Mutanen ƙauyen sun ce an sha rasa rai a hanyar.

31/
Hotunan suka tayar da ƙura. Hukuma ta kafa tsanin ƙarfe mai matakai 2,556. A Mayun 2020 aka kwashe iyalai 84 zuwa sababbin gidaje kusa da garin Zhaojue. Kun san abin da ya biyo baya? Tsanin ya zama wurin zuwan masu yawon buɗe ido. Labarin Caminito sak: masu bi don dole suna fita, masu bi don marmari suna shigowa.

32/
Ɗaya hanyar da ake yawan haɗa bidiyonta da Caminito ita ce ta tsaunin Huashan a lardin Shaanxi, shi ma a Sin. Katako ne mai faɗin kusan santimita 30 a jikin dutse, kusa da ƙololuwar da ta haura mita 2,100. Ana danganta ta da wani malamin addinin Tao, He Zhizhen, shekara 700 da suka wuce, mai neman wurin kaɗaicewa. Yau sai an ɗaura maka ɗamarar tsaro kafin ka taka, kuma layi ake bi.

33/
Mu koma Malaga. An yi shekaru ana jan ƙafa a kan kuɗin gyara. A Maris 2014 aka fara aiki a ƙarƙashin gwamnatin lardi, da zanen Luis Machuca. Wannan karon ma da igiya aka rataya, amma da ɗamarar tsaro da horo, jirgi mai saukar ungulu yana kawo kaya. Shekara ɗaya aka gama. A ƙarshen Maris 2015 aka buɗe. A 2016 aikin ya ci kyautar Europa Nostra ta adana kayan tarihi.

34/
Shawarar da ta fi burge ni: ba su rushe tsohuwar ba. Sabuwar hanyar katako da ƙarfe aka kafa a samanta, ga shinge a gefe. Kana tafiya kana leƙen ruɓaɓɓen kankaren da wasu suka bi zuwa aiki. Tafiyar duka kilomita 7.7 ce, wani yanki a kan katakon. Daga arewa ake shiga a fita ta kudu, ba komowa. Hular kwano dole. Yaron da bai kai shekara 8 ba, ba ya shiga.

35/
Akwai baranda mai daɓen gilashi, wato gwajin Gibson da Walk amma na manya. A ƙarshe ga gada mai lilo a tsayin mita 105, kusa da tsohuwar gadar ruwa, ungulaye suna shawagi a sama. In iska ta yi ƙarfi rufewa ake yi. Dubban ɗaruruwan mutane suna zuwa duk shekara, ƙauyukan Ardales da Alora suna cin arziki. Tsoron yana nan daram, haɗarin aka cire. Shi ake saya da tikitin.

36/
Inda abin ya shafe mu shi ne nan. Wasu likitoci a Indiya sun tattara rahotannin mutuwar masu ɗaukar selfi a duniya daga Oktoban 2011 zuwa Nuwamban 2017: mutum 259. Matsakaicin shekarunsu kusan 23, kusan kashi uku cikin huɗu maza. Nutsewa a ruwa, haɗarin abin hawa da faɗowa daga bisa su ne kan gaba. Waɗanda jarida ta ruwaito ke nan kawai.

37/
A Nuwamban 2017 Wu Yongning, ɗan shekara 26, ya faɗo daga bene mai hawa 62 a birnin Changsha yana ɗaukar bidiyo. Ya yi suna ne da rataya a dogayen gine-gine ba igiya. A 2019 kotu a Beijing ta ce manhajar da take yaɗa bidiyoyinsa tana da nata kason laifi, ta umarce ta ta biya iyalinsa diyya. Mu masu kallo ba a kai mu kotu ba, amma da yatsunmu aka tara masa mabiyan.

38/
Ra'ayina, kuma kowa yana da nasa: mutum biyu ne a bakin rami. Akwai wanda ya je don a gani, akwai wanda ya je don a ci abinci a gidansa. Na farkon muna ba shi so da sharhi. Na biyun muna wucewa ta ƙarƙashinsa kullum: magini a hawa na huɗu a kan katako ɗaya da silifas, mai gyaran wuta a kan falwaya, mai hawa ƙarfen sabis, yaron da aka tura saman tankin ruwa.

39/
In kai ne mai ginin, kuɗin igiya da ɗamara da hular kwano ba su kai kuɗin tayil ɗin ɗaki ɗaya ba. "Ai ya saba" ba kariya ba ce, haka aka ce da Mohawk. In kai ne mai hawan, neman kayan kariya ba ragwanta ba ne. Ƙwarewa ba ta hana katako karyewa, kuma igiyar da ta tsinke a El Chorro ba ta tambayi jarumtar kowa ba.

40/
In kuma jiri ya kama ka a bisa, ga abin da binciken Brandt ya nuna yana taimako: ka kafa ido a kan wani abu na kusa wanda ba ya motsi. Kada ka kalli gajimare ko ruwa mai gudu. Ka dafa wani abu. In abin ya yi yawa ka tsuguna ko ka zauna. Kada ka ɗaga kai sama kana tsaye a baki. Waya kuma ta koma aljihu har sai ka matsa.

41/
Abokin da ya ce ba zai hau ba, a ƙyale shi. Kada a ce masa matsoraci, kada a kunna kyamara a kansa. Da yawan gangancin matasa daga "wallahi ba za ka iya ba" yake farawa, kuma wanda ya faɗi maganar shi zai zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

42/
Nan zan tsaya. Wanda Allah Ya kai shi Malaga, a sayi tikiti da wuri don yana ƙarewa, kuma in an kai tsakiya a leƙa ƙasa a ga tsohon kankaren, a tuna da waɗanda suka zuba shi. Masu aikin gini, wuta da ƙarfen sabis da ke nan, ku ba mu labari a sharhi: ana ba ku kayan kariya ko da kanku kuke nema? A tura wa wanda zai amfana. Allah Ya tsare mu, Ya tsare masu nema a bisa.